Zoben Jamus a Maƙerar Almu

Duk wanda ya zauna a Tambuwal a shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa, lokacin da 'yan kwangila suka sayi fararen motoci, malaman makaranta suka hau sababbin babura, ya san Almu maƙerin farfaru. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don rumfarsa tana bakin hanyar Sakkwato, kuma Allah bai hore masa magana a hankali ba.

Ƙirar azurfa gadon gidansu ce, ubansa ya yi suna a kan zobba da warwaro. Shi kuwa Almu ya taɓa zuwa ɗaurin aure Kaduna, ya tsaya a bayan shingen wayar wata masana'anta ya hango ana harhaɗa motoci. Tun daga ranar ya hana kowa ya kira shi maƙeri, ya ce Injiniya yake. Agogon bangon da ya gyara wa hedimasta yana tafiya daidai ba ya latti, sai dai da baya yake tafiya.

Maƙwabcin rumfarsa Na'iya mai shayi ne, tare suka tashi, kuma ba a taɓa jin Almu ya faɗi magana Na'iya ya bar ta ta kai ƙasa ba. Matar Almu, Tambaya, 'yar Kebbe ce. Gwaggonta, Hajiya Ummulkulsum mai fataucin hatsi, ita ta raine ta tun tana ƙarama.

Wata rana Hajiya ta aiko tana neman Tambaya. Matar autanta Atiku ta kusa haihuwa, akwai shirye-shiryen da za a yi. Ɗan aiken ya ƙara da cewa Hajiya tana cikin damuwa, zoben da Atiku ya kawo mata daga Jamus, inda gwamnatin jiha ta tura shi karatun injunan ban ruwa, ya matse mata yatsa ya ƙi fita.

Almu yana jin an ambaci zobe ya tashi ya fara zuba awartaki da magagari a jaka.

"Ni anka kira, Malam," in ji Tambaya.

"Ke anka kira, ni aka nufi. Kunya ta hana ta faɗi sunana."

Da suka isa Kebbe, Almu ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Hajiya ya sunkuyar da kai, kamar yadda suruki yake yi. Ita ma Hajiya ba ta fito ba, hannunta kawai ta miƙo ta gefen asabari. Tsakaninsu bai fi a miƙa ƙwarya ba, amma sai da Tambaya ta zauna a tsakiya tana kai magana tana kawowa.

Almu ya ɗaga ido ya dubi zoben. Zinariya ce mai kauri, amma bakinta biyu ba su haɗu ba. A cikin ɗan gibin nan wani farin dutsen daimon yake tsaye, ba ƙafafun da suka riƙe shi, ba kwanon da ya zauna a ciki. Haske yana wucewa ta samansa da ƙasansa, sai ka rantse a iska yake rataye.

"Innalillahi," in ji Almu. "Tambaya, gaya wa Hajiya Turawa sun cuce ta. Zoben ga karyayye na. Ba su gama aikin ba sunka tashi cin abinci."

"Gaya mishi," in ji murya daga bayan asabari, "Auta ya ce haka aka yin shi. Zinariyar ce ta matse dutsen da ƙarfinta, shi ya sa ba shi faɗuwa."

Almu bai ko ƙifta ido ba.

"Awo, matsi! Na sani, gwada ku nika yi. Ai ni na fara tunanin wanga aiki. Na faɗe shi a tashar Kaduna, akwai wani Bature a bayana shina ta kasa kunne. Ashe gida ya kai."

"Gaya mishi Auta ya ce kada maƙeri shi taɓa shi. In ya matse, sai dai a maida shi can inda anka yi shi."

"Gaya wa Hajiya gaskiya Atiku ya faɗi, kada maƙeri shi taɓa. Shi ya sa injiniya ya zo."

Ya shiga bayanin yadda za a fitar da zoben: a nemo man birki, a ɗaure hannun a jikin turmi, a samo ƙarti biyu. Yana cikin lissafa ƙartin, Tambaya ta shafa wa yatsan gwaggonta sabulu ta murza, zobe ya zame ya faɗo a tafinta. Almu ya ce dama can da sabulun zai ƙare. Ya miƙa hannu biyu, ya rantse zai buɗa zoben daidai yatsan Hajiya ya dawo da shi ranar suna. Hajiya ta janye hannunta bayan asabari. Mace ce da dillalan hatsi suke shakkar yi mata musu, amma ba ta iya cewa a'a ga mijin 'yarta a ƙofar ɗakinta ba.

"Gaya mishi," ta ce daga ƙarshe, "Allah shi ba da sa'a."

A hanyar komawa Tambaya ta yi magana sau ɗaya daga bayan babur.

"Malam, matar ga ita ce uwata ita ce ubana. In abin ga ya lalace ban da fuskar shiga Kebbe."

"Ki tanadi fuskar karɓar yabo," in ji Almu.

Washegari ya tara jama'a a gaban rumfa, don a ganinsa aikin da ba a kalla ba asara ne. Ya ɗaga zoben ya zagaya da shi, ya ce daga yau Tambuwal ta daina ƙusa da lika, komai da matsi za a yi shi, har ƙofar gida. Sannan ya sa awartaki a bakin zoben ya ɗan buɗa.

Dutsen ya ɓalle. Gibi ya zama wayam.

"Kowa shi tsaya inda yake!" Almu ya kurma ihu.

Aka duƙa nema. Aka tankaɗe tokar maƙera da rariya, aka juye butocin Na'iya, aka zazzage aljihun wani baƙo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Nema ya fita har kan kwalta, motar Sakkwato ta tsaya, fasinjoji suka sauko suna rarrafe tare da mutane, wasu ba su ma tambayi abin da ake nema ba. Aka kira azahar ba a gani ba. Almu ya tsuguna alwala gumi yana keto masa, ya sa yatsu yana tsefe gemu, sai ga dutse ya faɗo a cinyarsa.

"Dama nan na aje shi," ya ce, "don in ga masu amana a garin ga."

"To ka gani," in ji Na'iya. "Saura mu ga mai hankali."

Da yamma ya sa zoben a wuta. Ya zuga, zinariya ta yi ja, ya zura ta a sandar awo ya bubbuga har ta buɗe daidai yatsan Hajiya. Da ta huce ya mayar da dutsen ya matse bakin. Dutse ya faɗo. Ya sake matsewa ya sake faɗowa. Wutar ta kashe taurin da aka yi zinariyar da shi, ta koma laushi, yaro ma zai lanƙwasa ta da yatsa. Dutsen yana girgiɗi a ciki kamar haƙorin tsohuwa.

Ya gwada ƙaro. Ya riƙe da safe, rana na ɗagawa ya narke. Ya gwada kakin zuma, tururuwa suka yi layi tun daga bakin kwata, Na'iya ya rantse ya ga sun ɗaga dutsen sun fara tafiya da shi.

"Laifin zinariya na," Almu ya gaya wa masu shan shayi. "Ragguwa ta, ta saba da hutu. Matsi aikin baƙin ƙarfe na."

Akwai wata matacciyar tifa a garejin Lauwali makanike, a bayan tasha. Almu ya je ya yanko guntun sifirin ɗinta, ya aro jak ɗin ɗaga mota. Ya kwana biyu yana dukan ƙarfen nan har ya naɗe shi ya zama zobe, mai nauyin da in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. Bakinsa ya haɗe gam, hannu ba ya buɗa shi, awartaki ba ya buɗa shi. Sai an kafa ƙugiya biyu, an ɗaura a jak, an yi ta bugawa, sannan ya ɗan yi hamma.

Bai yarda ya fara da dutsen Hajiya ba, ya ce injiniya gwaji yake fara yi. Ya sa ɓallin kwalba, ya saki jak, kwalba ta zama gari. Ya sa goro, goro ya zama ruwa. Ya sa ƙwallon dabino. Ƙwallo ya tsaya cak, Almu ya buɗe baki zai yi kirari, sai aka ji fiu, kofin gilashin da ke hannun wani direba a teburin Na'iya ya tarwatse, ya bar shi riƙe da iska.

Daga nan unguwa ba ta sake samun kwanciyar hankali ba. Ƙwallo na biyu ya huda lasifikar mai sayar da kaset, mawaƙi ya koma waƙa ta hanci. Na uku ya sami jakin mai itace a gindi, jaki ya kwasa da kaya bai tsaya ba sai kasuwa. Wata tsakuwa ta ɗauke hular wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ta aje ta a kan rufin kwano. Masu shan shayi suka fara zuwa da kwanonin wanka suna kifawa a ka, wasu suka koma shan shayinsu a kwance.

"Almu, don girman Allah," in ji Na'iya daga ƙarƙashin tebur, "zobe kaka ƙira ko bindiga?"

"Ilimi nika ƙira. Kai ci gaba da kaɗa madara."

"Wace madara? Gwangwanin ma ka huda shi."

Ana haka wani maharbi ya zo takanas daga Fakku, ya yi sallama, ya ce labari ya kai musu an ƙera abin harbin zabi wanda ba ya cin albarushi, yana son guda biyu. Almu ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ya dawo bayan suna.

Da ya ga duwatsu sun fara zama na ɗan lokaci kafin su tashi, ya ce aiki ya nuna. Sai dai ba a kai wa Hajiya baƙin ƙarfe. Ya jefa zoben Jamus a kasko ya narkar, ya buga zinariyar ta yi fale-fale, ya lulluɓe ƙarfen da ita. Tambaya ta kawo masa abinci ta tarar yana gogewa.

"Ina zoben Gwaggo?"

"Ga shi nan. Ya zama riga."

Ta aje kwanon a hankali, ta zauna a ƙasa a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka narka shi."

"Na ƙara mishi girma. Da zobe na, yanzu zobe na mai ƙashi."

Aka kafa jak, aka buɗa, Almu ya sa daimon ɗin Hajiya a gibi da hantsaki, ya saki a hankali. Duk wanda ke wurin ya kwanta. Shiru. Dutse ya zauna. Aka jira, bai tashi ba. Aka wuni, aka kwana, yana nan yana walƙiya. Labari ya zo daga Kebbe an haifi namiji.

Ranar suna Na'iya ya rufe teburinsa ya hau bayan wata akori-kura. Ya ce ko da bashi zai je, don abin da zai faru a Kebbe ba na jin labari ba ne.

Ƙofar gidan Hajiya ta cika da safe. Malamai a kan tabarmi, 'yan kasuwar hatsi, ma'aikata abokan Atiku daga Sakkwato da motocinsu. A bayan katanga mata sun girka manyan tukwane, ƙamshin dafa-duka yana tsallakowa. Liman ya yi addu'a aka raɗa suna, aka raba goro. Mutane suna shirin gyara zama sai Almu ya kama hannun maroƙi ya ja shi tsakiyar fili.

"Faɗa musu Injiniya Almu na Tambuwal ya kawo wa Hajiya zobenta. Faɗa musu yau za a raba gardama tsakanin Jamus da Tambuwal."

Ya kwance ƙyalle ya ɗaga abin sama. Atiku, wanda yake tsaye yana gaisawa da baƙi, ya matso ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Yaya Almu, mi ne wanga?"

"Zoben da ka kawo. Na gyara kuskuren da sunka yi."

"Wane kuskure? Zinariyar nan sai da anka gauraya ta, anka dake ta har ta yi tauri kamar baka, anka auna ta daidai da wanga dutse shi kaɗai. In ta ji wuta ta mutu." Ya ƙara matsowa, muryarsa ta sauka. "Akwai ɗan gurbi da suka sassaƙa a kowane baki, inda gefen dutsen yake shiga shi zauna. Ka yi mishi gurbi?"

"Gurbi na matsorata na. Nawa ƙarfi zalla."

"To ba abin da ya riƙe shi ke nan. A kan santsi yake zaune."

"Kun ji ɗan boko," in ji Almu ga jama'a. "Ku ja baya."

Ba su ja baya ba sai da suka ga Na'iya ya ɗauki murfin tukunya ya kare fuska.

Almu ya wulwula zoben ya maka shi da katanga. Ƙasa ta zubo. Aka ɗauko, dutse yana nan. Ya sa aka kawo turmi da taɓarya, ya jefa shi ciki ya ba wani ƙato ya kirɓa. Turmi ya tsage. Dutse yana nan. Atiku ya zauna a kan dakali ya dafe kai.

"A kawo ragon suna!"

Aka jawo rago, da yake ba a kai ga yanka shi ba, aka ɗaura zoben a ƙahonsa, aka nuna masa ragon maƙwabta. Suka yi karo har ƙura ta tashi, ragon maƙwabta ya juya ya nufi gida yana tangaɗi. Aka kwance zobe, dutse yana nan yana ƙyalli.

Nan fa jama'a suka juya. Wani ya yi kabbara. Maroƙi ya gyara murya ya shiga zuba kirari, yana cewa Almu gagara Bature, Almu mai sa dutse biyayya. Wani ɗan kasuwa ya ce a yi wa matarsa irinsa. Har Tambaya, da take leƙe ta zaure tare da Hajiya, ta ɗan saki numfashi.

Almu ya hau baburinsa ya bi ta kan zoben, ya juyo ya sake bi. Sannan ya roƙi direban akori-kura ya taka shi da ƙafar baya, da buhunan gero a ciki. Motar ta hau ta sauka. Zobe ya nutse a ƙasa sai da aka tono shi da wuƙa. Almu ya ɗaga shi sama, dutse yana nan daram, ƙura kawai ta rufe shi.

"Atiku," ya ce, "in ka koma ka gaishe su. Ka ce su zo koyo, ba ni da rowa."

Ya kawo zoben bakinsa don ya hura wa dutsen huci ya goge shi da hannun riga, yadda zai miƙa wa Hajiya yana sheƙi. Ya turo leɓe ya ce, "Haa."

Ƙas!

Wani ɗan haske ya tsallake katanga ya nufi wurin tukwane. Bakin zobe, da ya rasa abin riƙo, ya haɗe a kan leɓen Almu na ƙasa.

Ƙarar da ya yi ba ta da harafi. Ya yi tsalle, ya zagaya fili, zobe yana lilo a haɓarsa. Maroƙi ya tsaya da baki buɗe a tsakiyar kirari. Mutum biyu suka kama zoben suka ja, Almu ya biyo su. Aka sa wuƙa, wuƙa ta karye.

Sai ga Hajiya Ummulkulsum ta fito ƙofar gida, a gaban maza, mayafi a kafaɗa. Ba ta dubi surukinta ba.

"Ina dutsena ya faɗa?"

Daga bayan katanga Zahara'u, tsohuwar da take shugabantar girki, ta amsa cewa ta ji wani abu ya wuce ta gefen kunnenta, amma tana cikin juya shinkafa, kuma ta riga ta juye wannan tukunya a waccan.

"To," in ji Hajiya. "Ba mai barin ƙofar gidan ga. A zubo abinci. Kowa shi ci a hankali."

Ba a taɓa cin abincin suna irin na ranar ba a Kebbe. Mutane sun yi da'ira a kan manyan faranti, ba hira, ba dariya, kowa yana tauna kamar mai ciwon haƙori, idonsa a kan bakin na kusa da shi. Tsofaffin da ba su da haƙora aka hana su kai loma, aka ce su murje tasu da hannu su miƙa wa na gaba. Wani ya tambayi Liman hukuncin wanda ya haɗiye ba da sani ba. Liman ya yi tunani ya ce ba shi da zunubi, amma zai zauna a Kebbe har Allah ya kawo sauƙi.

Shinkafar kuwa ta gida ce, ba ta rasa tsakuwa. Can sai a ji ƙaras, wani ya ɗaga hannu, jama'a su taso a guje, a wanke abin a duba, a ga tsakuwa. Tun ana tasowa har aka gaji, aka aje kwano a tsakiya kowa yana jefa tasa. Kwano ya kusa cika. Abokan Atiku na Sakkwato suka ce sun ƙoshi, Hajiya ta sa aka ƙara musu. Ɗan kasuwar da ya ce a yi wa matarsa irinsa ya kwance tazugen wando yana nishi.

Almu yana zaune a gindin katanga, ya tallabe zoben da hannu biyu don ya rage nauyi, yawu yana bin gemunsa. Na'iya ya zo ya tsuguna a gabansa da faranti.

"Injiniya, ba ka ci ba. Ko in tauna maka?"

"Mmmf."

"Ya ce dama haka ya shirya," Na'iya ya sanar da jama'a.

Rana ta take, tukunya ta ƙarshe ta ƙare, har ƙanzo an kankare an cinye. Ba dutse. Mutane sun baje a inuwa, ba mai iya tashi, kowa yana zargin cikin ɗan'uwansa. Tambaya ta durƙusa a gaban gwaggonta tana kuka, tana cewa ita ta jawo, da ba ta zo da shi ba. Hajiya ta dafa mata kai.

Zahara'u ta fito tana ɗingishi, da muciyar da take juya shinkafa da ita tun safe, wadda da ita ta yi ta nuna wa 'yan rabo inda za su kai faranti.

"Hajiya, wai mi ne wanga? Tun ɗazu shika sukata a hannu, na ɗauka sartse na."

Daimon ne, ya nutse a jikin icen har rabi.

Ba wanda ya sami ƙarfin yin kabbara. Atiku ya ciro shi da tsinin wuƙa, Hajiya ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta, ta ƙara ƙulli a kan ƙulli. Ta ɗaga Tambaya ta share mata hawaye ta ce ta shiga ciki wurin mai jego, ba ita ta yi ba. Atiku ya duba leɓen Almu, wanda ya riga ya kumbura ya yi shuɗi, ya ce ƙarfen sifirin ne, zarto ba zai ci shi da wuri ba, sai dai abin da aka buɗa shi da shi tun farko. Aka tambayi direban akori-kura, ya ce jak ɗinsa yana wurin gyara, kuma ko yana nan ba ƙugiyoyin. Komai yana Tambuwal.

Hajiya ta tako har gaban Almu. Tun da ya auri Tambaya ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Almu."

Ya yi ƙoƙarin tuɓe takalma a zaune.

"Abin da ke bakinka zinariyata ce, ɗana ya kawo min. Ka tafi Tambuwal ka maido min da ita. Da leɓen ko ba leɓen."

Na'iya ne ya tuƙa babur, Almu a baya. Hanyar Kebbe kuwa ba ta da tausayi. Duk ramin da suka faɗa, zobe ya yi sama ya dawo, Almu ya yi gurnani, Na'iya ya ce, "Na'am, Injiniya, ina jin ka." A ƙauyukan hanya mata suna tsayawa da tulu a ka suna kallo, wata ta tambaya ko sabuwar kwalliya ce ta shigo daga birni.

Kafin su kai garejin Lauwali rabin tasha ta biyo su. Aka kwantar da Almu a kan benci, aka kafa ƙugiyoyi, Lauwali ya yi ta buga jak yana cije dariya, har bakin zobe ya buɗe aka zare leɓe. Ya fito kamar gurasa. Aka ba shi ruwa, rabi ya zube a riga. Ya tashi zaune ya dubi jama'ar da ta kewaye shi, kowa yana jiran ya ga ko yau zai sunkuyar da kai.

Almu ya nuna zoben da ke maƙale a jak.

"Kun dai gani da idonku," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "Tun daga Kebbe, ramukkan nan duka, bai saki ba. A nuna min zoben Jamus da zai yi wanga riƙo."

Na'iya ya juya ya dubi Lauwali.

"Maida mishi a leɓe," ya ce.